Ƙafa Shida a Gefen Shagon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa zaman nesa ya yi albarka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke motsawa in an yi sanyi. Kawu ya aurar da 'yarsa ta biyu, yana nan yana mitar ba ka kira shi ba, don haka ka san abin yi. Na zaɓi rubutu ne don na san halinka, in a waya ne sai ka kashe ni da dariya kafin in kai ƙarshen magana.

Ka tuna lungun nan mai faɗin ƙafa shida a gefen shagon Baba, wanda takardar fili ta hana a gina shi ko a jibge kaya a ciki, wai hanyar masu kai gawa ce zuwa tsohuwar maƙabarta, wadda aka rufe tun ba a haife ka ba. Wata uku ina sintiri a ofishin tsara birni har takalmina ya cinye, a ƙarshe suka yarda sharaɗin ya tsufa, suka soke shi, suka buga hatimi. Wani mai kantin magani ya ce zai kama shagon gaba ɗaya in an haɗe masa da lungun, sa hannunka kawai ake jira. Ni kuwa da rawar kaina ban jira ba, na sa birkila ya toshe bakin lungun da bulo. An ce sauri ya haifi nawa, ban ji ba.

Washegari da hantsi ina cikin shago, telolin nan huɗu da ke haya suka tsayar da kekunansu lokaci guda, suka miƙe. Ni ma sai ganin kaina na yi a tsaye ina gyara mayafi. Ba kuma wanda ya shigo. Da muka zauna, babban telan ya ce shi dai jikinsa ne ya ba shi ana wucewa da wani. Kashegari haka, sai dai tsayuwar ta fi tsawo. Ran Alhamis tsayuwar ta ƙi ƙarewa, kamar waɗanda muke wa tsayuwar sun iso sun rasa ta inda za su bi. Filastar bangon ta bushe ƙayau, ban da wuri biyu daidai kafaɗar mutum, tsakaninsu faɗin makara. Birkila ya kalli danshin nan, ya ajiye cokalinsa da kwanon siminti ya tafi, har yau bai dawo ɗauka ba. Auta, na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na koma ofis wajen dattijon da ke ajiyar taswira, ya zaro tsohon fayil ya buɗe mini. Ashe ba hukuma ce ta ɗora mana sharaɗin ba. Baba ne ya roƙa da rubutun hannunsa, kuma shekara huɗu bayan an rufe maƙabartar. Dattijon ya tambaye ni ko mahaifinmu bai taɓa gaya mana wa ya bar wa hanyar ba. Sai na tuna yadda Baba ke share lungun kullum da safe ya yayyafa ruwa, da dukan da ka sha ranar da ka jingina keke a ciki.

Ka san tun rasuwarsa Inna kan sa a kai ta bencinsa na bakin lungu da hantsi, mu duk mun ɗauka rana take nema wa ƙafarta. Tun da aka yi bangon ta rage cin abinci, tana zaune tana fuskantar bulo. Jiya na durƙusa na tambaye ta abin da ke damunta. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Da shi ke share musu hanya. Yanzu yana cikinsu, kin bar shi tsaye a rana."

Saboda haka ina roƙonka kada ka sa hannu a takardar mai kantin magani. Gobe da safe zan rushe bangon, ko da kuwa ni ce zan ɗauki guduma. Zan koma ofis in nemi a mayar da sharaɗin da na sha wahala aka cire, su yi dariyarsu. Takardar mayar da sharaɗin ce zan aiko maka ka sa hannu.

Ka gaishe mini da amaryarmu, da Dogo, da takwarata sarkin rigima. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Inna ta sa maka albarka, ta kuma ce in ka tashi zuwa gida ka biyo ta bakin titi, kada ka yanke ta lungu da hantsi.

Taka har kullum,
Yayarka.