Zuwa ga Uwar Ɗan da ke Cikin Kwalba

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, raɓar safiyata, uwar 'ya'yana!

Ki yi haƙuri da rubutun kafinta, wanda ya bar makaranta tun kafin ta kore shi. Takarda na aiko don bakin ne ya jawo mini. Ranar da kika haihu a wata na bakwai, aka nuna mana ɗanmu cikin kwalba, ga fitila a kansa, ga roba a hancinsa, wa ya aike ni in ce: "Ashe ƙwai muka yi, an sa a injin ƙyanƙyasa"? Nas ta ce, "Malam, fita!" Ke kuwa kika juya wa bango fuska, har yau ƙeyarki nake gaisarwa. Wallahi tsoro ne ya sa na buɗe baki.

Jiya 'yarmu Sarkin Tambaya ta dangwara mini littafin makarantarsu a teburin aiki. "Baba, kai da kake cewa ƙwai, duba nan." Wai wata dabba, filatifus: baki na agwagwa, jiki duk gashi, tana ƙwai kuma tana shayarwa! Ga 'yar'uwarta ekidina, kamar bushiyar da aka ja wa hanci. Ƙwai ɗaya take yi, ta ɓoye shi a aljihun cikinta. Abin da ke fitowa bai fi ƙwayar wake ba, tsirara, makaho, ɗanye. Ba ta da kan nono, madarar daga fata take tsattsafowa, shi kuma ya lasa. A haka yake rayuwa, a haka yake zama dabba mai ƙaya!

Na tuna ki a gefen gado, kina tatsar nono ɗigo ɗaya ɗaya cikin ɗan kofi, kina cije leɓe. Wace ƙorama ce ta kai wannan ɗigon? Wane hadari ya taɓa ɗauko ruwa mai tsadarsa?

Na nemi aikin namijin filatifus a littafin. Ba ya kwanci, ba ya reno. Abin da aka ba shi kawai ƙaya ce mai dafi a ƙafar baya. Na ce to, ga ɗan'uwana, ni tawa a harshe aka dasa.

Yau likita ya tare ni a baranda. Huhun yaron bai nuna ba, ya ce mu yi ta addu'a, mu kuma shirya zuciya. Na san ya gaya miki. Ta yaya za ki ɗauki wannan ke kaɗai, ina tsaye bayan ƙofa kamar tsintsiya? Ki zage ni, farin watana, ki jefe ni da kofi, amma ki juyo! Na fi son faɗanki da shirun nan mai kama da rami.

Ki tuna daren da ruwa ya tsaga rufinmu, muka kwana riƙe da bokiti ɗaya muna dariya. Wannan ma bokiti ɗaya ne, ki bar mini hannu guda.

Akwai bashinki a kaina. Gadon jaririn da na yi miki alkawari yana shago, ƙafa uku gare shi. Kullum in na ɗauki ta huɗu sai in ajiye ta, don ina tsoron in gama shi ya zauna ba kowa a ciki. Gobe zan buga ta. Ko mun dawo gida mu uku, ko mu biyu, za ki tarar da shi a tsaye.

Naki har ƙasa ta rufe wannan bakin,
Mijinki