Na Hargitsa wa Maigidana Waƙoƙinsa, Ga Shi Ba Ya Iya Magana

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai ce ai waƙa ce kawai ba.

Ni tela ce, shekararmu goma sha tara da aure. Wata biyar ke nan da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru, yanzu sai ya haɗa gumi kafin ya ce ruwa. Likitar da ke koya masa magana ta ce mu riƙa sa masa waƙoƙin da ya haddace, wai kalmar da ta ƙi fitowa a zance takan fito a waƙa. Kuma haka ne. Ranar farko ya bi amshi har sau biyu, ina tsaye bakin ƙofa da almakashi a hannu ina hawaye.

Shi mutum ne mai tara waƙa. Sun haura dubu tara a kwamfutarsa, wasu daga tsofaffin kaset ya juyo su da kansa. Ya jera su yadda shi kaɗai ya gane, ga na tuƙi, ga na ranar ɓacin rai, har da na aske gemu. Ko yaranmu ba sa taɓa masa. To yanzu da hagu yake lalube, kafin ya samo guda ɗaya ya gaji ya ture kwamfutar.

Sai na ga ashe manhajar da yake kunna waƙoƙin da ita tana yarda a buɗe rumbun waƙoƙi fiye da ɗaya. Na ce bari in raba masa: ƙarami mai waƙa arba'in na koyon magana, wani na yara, babban ya zauna yadda yake. Ranar da ƙaninsa ya kai shi asibiti na ajiye ɗinki, na wuni ina kwashe folda daga nan zuwa can, ina canza wa wasu suna don su yi tsari. Har daɗi nake ji, wallahi.

Da ya dawo ya buɗe babban rumbun, sai ga wata alama a gefen kusan kowace waƙa. In ya danna sai ta ce ba a samu fayil ba. Ya danna, ya sake dannawa, sannan ya juyo ya dube ni. Anti, da zai iya zagina da ya fi mini sauƙi. Tsoro ya sa na ce kwamfutar ce ta lalace da kanta, kuma na san bai yarda ba.

Yau kwana shida bai gwada furta ko kalma ba. Likita ta ce yana komawa baya. Yayarsa ta zo jiya, ta ce tun yana numfashi na fara raba masa kaya. Wani maƙwabci ya ce a goge komai a sake lodawa, alhali kaset ɗin tuni muka zubar. Ko kallon kwamfutar ba na iya yi. In na ɓatar masa da su har abada fa? In bai sake magana ba saboda ni fa?

Mai Ɗinki Cikin Damuwa

Ƙanwata, ki share hawaye, kuma kada ki bari kowa ya goge komai.

Rumbun da kike gani a manhaja ba shi ne waƙoƙin ba, jerin sunayensu ne da inda kowace take ajiye. Kin canza musu wuri, jerin kuma yana nemansu a tsohon wuri. Muddin kwashewa kika yi ba sharewa ba, suna nan. Ki fara da samun babban filash ki kwafe foldar waƙoƙin gaba ɗaya, ki adana shi. Ki leƙa kwandon sharar kwamfutar ko wani abu ya faɗa ciki. Daga nan ki mayar da kowace folda inda take da sunanta na da. In kin manta, bayanan waƙar a cikin manhajar sukan nuna tsohon wurinta. In abin ya fi ƙarfinki ki kira mai gyara ya zo gida, ya yi a gabanku. Shi kuwa ƙaramin rumbun, dabara ce mai kyau, amma kwafi za ki zuba a ciki, ki bar na asali inda suke.

Yanzu ga abin da ya fi kwamfutar nauyi. Niyyarki ba ta da aibi, kuma maganar yayarsa ta yi tsauri ga macen da ke jinya wata biyar. Sai dai ki duba ta ɓangarensa. Ana yi masa wanka, ana amsa tambaya a madadinsa, abu ɗaya da ya rage a hannunsa shi ma an juya shi yana asibiti. Kuma kika gaya masa abin da ya san ba gaskiya ba ne, ba shi da bakin musantawa. Ina zaton wannan ne ya rufe masa baki, ba alamar nan kaɗai ba.

Yau ɗin nan ki zauna kusa da shi, ki ce ke kika yi, ki faɗi dalili, ki ba shi haƙuri. Kada ki gyara a bayan idonsa. Ki ajiye kwamfutar a cinyarsa, shi ya nuna da yatsa, ke ki danna, ko da aikin zai ɗauki mako guda. Waƙa arba'in ɗin ma shi zai zaɓa.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya buɗe masa baki, ke kuma Ya saka miki da alheri.