Wake da Shinkafa a Gafasa

Ajingi, ranar Litinin

Zuwa ga Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ki gaida mutanen Kademi. Na rubuto ne saboda a waya ba na iya tsara magana, kin san halina.

Saura kwana goma sha biyu zaɓe. Na bi mazaɓun Ajingi ɗaya bayan ɗaya a littafina har sau uku, amsar ba ta canja ba: da ƙuri'un jam'iyyarmu kaɗai ɗan takararmu Abdulmuttalib ba zai shiga majalisar jiha ba. Na faɗa masa. Tun muna sakandare bai taɓa ƙin shawarata ba, wannan ma shi ke ba ni tsoro. Na ce ya bar ni in shiga Gafasa wurin dangin mahaifiyata, ko da yake 'yan ɗaya jam'iyyar ne. Ba zan ce su bar gidansu ba. Wake da shinkafa kawai zan roƙa: a takardar gwamna su zaɓi nasu, a ta ɗan majalisa su ba mu.

Shugabanninmu ba su so ba. Su sak suke so, jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ba ruwansu da roƙon kowa. A gabansu na ɗauki alkawarin Gafasa a wuyana. Tun da na fito nake tunanin ko na yi gaggawa.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Ja'afar

Ajingi, ranar Talata

Zuwa ga Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, Baba kuma yana samun cin abinci. Saƙonki ya iso, na gode.

Sau huɗu na je Gafasa a mako guda. Ranar farko wani dattijo ya ce ashe ban manta hanyar garin ba, tun rasuwar mahaifiyata sai yanzu da ƙuri'a ta koro ni. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma gaskiya ya faɗa. Mazan sun saurare ni a zaure, sun ce za su duba. Ban san abin da ke ransu ba.

Mata ne ƙarfin garin, ni kuwa ba zan shiga gidajen mutane ba. Sai na je wurin Inna Hure, ƙanwar mahaifiyata, wadda matan ba sa tsallake maganarta. Ta ce tun da ta fara zaɓe ba ta taɓa dangwala wa wata alama ba sai ta jam'iyyarta, amma saboda ɗan 'yar'uwarta za ta yi, kuma za ta bi gida-gida. Na tambaye ta ko ta gane yadda ake yi. Ta ce tun ba a haife ni ba take dafa wake da shinkafa, ni ne zan koya mata? Na so in zana mata a takarda, kunya ta hana ni.



Mijinki,
Ja'afar

Ajingi, ranar Laraba

Zuwa ga Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Na ga kiranki, ki yi haƙuri, na kasa ɗauka.

Kin ji mun faɗi, da ƙuri'a tamanin da uku. Abin da ba ki ji ba shi ne, a akwatunan Gafasa ƙuri'a ɗari da arba'in da ɗaya aka ware a matsayin lalatattu. Ina tsaye a rumfa bayan la'asar, malamin zaɓe yana ɗaga takardun ɗan majalisa ɗaya-ɗaya. Yatsa biyu a kowacce, ɗaya a kan alamarsu, ɗaya a kan tamu, tsaf, babu ko zamewar tawada. Haka ma a takardun gwamna. Matan sun haɗa waken da shinkafar a tukunya ɗaya, kamar yadda kowace mace ta san ana yi.

Jiya jam'iyya ta zauna. An ce da gangan na yi, zagon ƙasa ne don in taimaki dangina. An dakatar da ni. Abdulmuttalib yana wurin, bai ko kalle ni ba. Da na yi bayani wataƙila da an yarda, amma kafin Juma'a da sunan Inna Hure ya zama abin dariya a kasuwa. Sai na karɓi hukuncin, na fito. Har yanzu ban sani ba ko kare ta na yi, ko kunyar kuskurena na ji.

Da safen nan Inna Hure ta zo a babur don ta yi mini jaje. Ta ce kada in ga laifin matan Gafasa, ko ɗaya ba ta saɓa ba.

"Kowace takarda sai da muka ba ta wakenta da shinkafarta, ɗana."

Na ce Allah ya saka da alheri, Inna. Na raka ta har bakin titi.

Sa'adiya, duk wanda ya tambaye ki a Kademi, ki ce an dakatar da ni, ki tsaya nan. Idan kin gama karanta wannan, ki sa ta a murhu.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ya dawo mini da ku lafiya.

Mijinki,
Ja'afar