Dabinon Ummu Sa'ad da Karen Madam

Al-Shifa, Riyad
3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Bilƙisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da aikin asibiti. Ki gaishe min da Inna, amma don Allah kada ki karanta mata wannan takarda da na turo miki ta waya.

Yaya, aikina na direba ya canza. Madam Nuriyya, matar kafilina Sa'ad, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, ta tafi Landan wajen haihuwar 'yarta, sai bayan sati shida. Mai aikin gidan kuma ta koma ƙasarsu. Shi ne aka ce in bar ɗakinmu na Manfuha in tare a ɗakin direba, in riƙa kula da karen Madam. Sunansa Zaitun, tsoho ne, kuma ciwon suga gare shi. Ki yi dariyarki, ni ma na yi da farko.

Ga ƙa'idar da aka manna min a jikin firiji. Abinci sau biyu, bakwai na safe da bakwai na yamma, ba gaba ba baya. Abincinsa na musamman ne, a sikeli nake aunawa. Sai ya cinye sannan in yi masa allurar insulin a fatar wuya. Tsakanin nan ba ya cin komai sai ruwa, ko ƙwayar shinkafa. Wallahi ban taɓa saɓawa ba, har sallar magariba a masallacin bakin layi nake yi don kada in makara.

To amma sugansa hawa yake yi. Akwai wani ɗan maɓalli da likita ta liƙa masa a jiki, yana aika lamba zuwa wayar Madam. Kullum bayan la'asar sai lambar ta tashi, sai ta kira ni tana faɗa. Jiya ta ce, “Zayyanu, in wani abu ya sami Zaitun, ka haɗa kayanka.” Iƙamata, takardar izinin zamana, saura sati biyar ta ƙare, kuma sai da sa hannun mijinta za a sabunta.

Ke ce kika san ciwon nan. Me zan yi?

Ƙaninki,
Zayyanu

Tudun Wada, Zariya
5 ga Maris

Zayyanu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na gaishe ka. Ban yi dariya ba.

Ni mutane nake jinya, ban karanci kare ba, saboda haka ka kira likitansa. Amma abu uku zan gaya maka, ka riƙe. Na ɗaya, kada ka kuskura ka ƙara allurar nan da kanka, ko wa ya ce ka ƙara, in ba likita ba. Na biyu, in ka ga yana rawar jiki ko ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, suga ne ya faɗi, kuma shi ya fi saurin kisa. Ka shafa masa zuma a dasashi ka ruga asibiti. Na uku, sugan da ke tashi a lokaci guda kullum ba haka kawai yake tashi ba. Shekara goma sha huɗu ina ganin marasa lafiyar da ke rantsuwa ba su ci komai ba, sai in ɗaga matashi in tarar da alawa. Akwai mai ba shi wani abu. Ka bar wanke mota da la'asar ka zauna ka sa ido.

Na ga ka rubuta “karen Madam” kamar kana jin kunya. Amana ce aka ba ka. Ka wanke hannunka ka yi sallarka.

Ka ba ni amsa da wuri, ka san ba ni da haƙurin jira.

Yayarki da ke maka addu'a,
Bilƙisu

Al-Shifa
14 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe min shirun da na yi. Ban san ta inda zan fara ba.

Gaskiyarki ce. Na laɓe a bayan tankin ruwa na gani da idona. Ummu Sa'ad ce, mahaifiyar maigidan. Ta haura tamanin, a keke ake tura ta, yini take yi ita kaɗai a baranda. Bayan la'asar sai ta kira Zaitun, ta cire ƙwallon dabino ta ba shi, ɗaya, biyu, har biyar, tana yi masa hira kamar mutum. Na durƙusa na ce, “Ya Hajiya, dabinon nan cutar da shi yake.” Ta dube ni ta ce, “A gidan nan shi kaɗai ke zuwa in na kira. Kai ne za ka hana ni sadaka a gidan ɗana?” Ban gaya wa kowa ba, don Madam da surukarta dama ba sa ga maciji, kuma maigida ba ya son a kawo masa ƙarar uwarsa.

Ga inda na yi laifi. Madam ta ci gaba da kira. Ran Litinin ta ce, “Ka ƙara masa layi biyu a sirinji, ni na ce.” Takardarki na cikin wayar da ke aljihuna, Yaya, amma na ƙara. Na ce a raina ai dabinon zai cinye ƙarin.

Ran Alhamis aka ɗauki Ummu Sa'ad zuwa gidan 'yarta a Utaiƙa. Ba wanda ya gaya min. Babu dabino ranar, allura kuwa na riga na yi. Wajen ƙarfe biyar na fito na tarar da shi kwance a gindin famfo, yana karkarwa, idonsa a buɗe amma bai gan ni ba. Ban tsaya neman safar hannu ba. Na buɗe bakinsa na goga zuma, na ɗauke shi a ƙirjina zuwa mota. Ban san na iya gudu haka a titin Riyad ba.

Yana asibitin dabbobi yanzu, an sa masa ruwa. Likitar ta ce da na ƙara minti ashirin da shi ke nan. Ta tambayi wanda ya canza allurar. Madam ta ce a waya ita ba ta tuna ta faɗi haka ba.

Maigida ya ce in same shi a majalisi, falonsa na baƙi, ran Lahadi. Mukhtari, abokin zamana na Manfuha, ya ce in yi shiru in ba da haƙuri kawai, baƙo ba ya kai ƙarar uwar kafili. In na yi shiru, ni ne direban da ya kusa kashe kare. In na yi magana, na tona asirin tsohuwa kuma na ƙaryata matar gida. Ko ta ina huruj nake hange, ficewar da ba dawowa. Abinci ma ya ƙi shiga.

Ki sa ni a addu'a.
Zayyanu

Zariya
15 ga Maris

Zayyanu,

Salam. Faɗan da zan yi maka na ajiye shi sai ka dawo hutu.

Ka fara da naka laifin, ka faɗe shi duka, kada ka rage. Sannan ka faɗi maganar dabino, ba don ka wanke kanka ba. In likita ba ta sani ba, za ta auna masa allura a kan ƙarya, tsohuwa ta dawo da dabinonta, ko ta sake tafiya, dabbar ta mutu a hannun wani. Mukhtari na son ka, amma ba shi ya ɗauko kare yana karkarwa ba.

In sun kore ka, ɗakinka na nan. Na gaya wa Inna komai, kada ka yi fushi. Ta ce Allah Ya yi maka albarka, kuma ka ci abinci.

Bilƙisu

Al-Shifa
18 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. A gaggauce nake rubutu.

Na faɗi nawa laifin duka. Na buɗe baki zan shiga maganar dabino ke nan, sai muka ji kiran Ummu Sa'ad daga bakin ƙofa, ashe ta dawo gida, tana saurare. Ta ce, “Ya Sa'ad, ni na ba shi dabino. Direbanka ya hana ni, na kore shi.” Maigida ya miƙe tsaye. Ya ce in kai shi wajen likitar, kuma a can da bakinsa ya yi mata bayani.

Zaitun ya dawo gida jiya, ya cinye abincinsa. Maganar iƙama har yanzu shiru.

Madam ta katse tafiyarta, gobe da azahar za ta sauka, ni zan ɗauko ta. Ummu Sa'ad rabonta da filin jirgi shekara tara. Ɗazu ta sa aka kira ni, ta ce in naɗe kekenta in sa a but ɗin mota, da ita za a je tarbo Madam.

Ki gaida Inna. Na bar ku lafiya.

Ƙaninki,
Zayyanu