Injin Papa Selestin

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023

Jiya aka kai Baba makwancinsa. Sajan Audi Hudaifa, sojan ruwa a ƙasar da ba ta da teku. Da haka ake tsokanarsa, shi kuwa sai ya ce, "Je ka sha kogin Ubangi ka ƙarar, sannan ka zo mu yi magana." Jama'a ta cika har Titin Koudoukou. 'Yan taksi-moto, masu haya da babur, kusan hamsin suka bi mu a hankali, babu wanda ya danna oda. Ina kuka ina alfahari, ban san ana iya haɗa biyun ba.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Yau na shiga gareji, raina ya ɓaci. Matan unguwa, don su sami wurin shimfiɗa tabarmin zaman makoki, sun kwashe duk kayan injin da Baba ya kwance suka zuba a roba ɗaya. Goggo Sharifa har da cewa, "Ai mun gyara miki wurin, Zaituna." Allah ya saka da alheri, me zan ce?

Baba bai taɓa zuba kayan inji a roba ba. Farin ƙyalle yake shimfiɗawa, ya jera kowane abu yadda ya ciro shi, har ƙaramin noti. A jirgin soja ya koya, inda abin da ya faɗi ya tafi kenan. Injin kwalekwale ne wannan, tsoho ƙwarai, na Papa Selestin da suka yi soja tare. Da shi yake ɗauko yashi yana ci da iyalinsa.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Yaya Luƙman ya kira daga Duwala. "A kai wa wani makaniki kawai." To. Shekara talatin da ɗaya babu injin da ya shiga garejin nan ya fita a mace. Na ƙarshe ne zai fita a roba kamar wanke-wanke?

Amma ba ruwana. Ina shekara sha shida Baba ya raba ni da sifana saboda surutun mutane, ya miƙa wa Luƙman da ko buji, fulogin inji, bai iya cirewa. Na rantse ba zan ƙara taɓa baƙin mai ba. Ina da aikina a shagon magani.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na taɓa. Kallo kawai na je yi.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Sati guda, aikin banza. Washa uku kusan kamarsu ɗaya, ban san wacce ke gaban wacce ba. Baba ya sha ƙera wa injin nan kaya da hannunsa, babu littafin da ya san shi.

Papa Selestin ya zo daga unguwar Miskine a ƙafa. Bai tambayi injinsa ba, sai ya zauna a bencin Baba. Ya tuna mini 2014, lokacin da gari ya rikice, yadda su biyu suka riƙa tsallakar da mutane zuwa garin Zongo, a ƙetaren kogi, da wannan injin, ba sa tambayar sunan kowa balle addininsa. Wai wata rana injin ya mutu musu a tsakiyar ruwa da mata goma sha ɗaya, Baba ya cire hularsa ya jera kaya a ciki, ya tayar da shi kafin ruwa ya kai su kan duwatsu. Baba bai taɓa ba mu wannan labarin ba. Ni 'yar mutumin nan ce!

Da zai tafi ya ce, "Yeke yeke, 'yata." Wato a hankali. Na ga takalminsa ya tsage.

Lahadi, 3 ga Disamba

Saura ƙiris! Inna ta tara kayan Baba za ta wanke, har ta ɗebo ruwa, na hango ƙyallen a ciki. Na fizge shi, ta ce, "Ke, lafiyarki?" Na shimfiɗa. Kowane abu ya bar shatarsa da mai: fistan, zobba, washa ukun nan kowacce da faɗinta. Daga dama zuwa hagu ya jera su, kamar rubutun allo. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba.

Juma'a, 15 ga Disamba

Sadakar arba'in. Bayan addu'a muka ɗaura injin a bakin duro cike da ruwa, yadda Baba yake yi. Na ja igiya sau uku, shiru. Maza sun fara kallon ƙasa. A na huɗu ya yi tari, ya kama. Ruwa ya fantsama wa liman a riga, bai ko matsa ba. Na ɗora kan sukudireba a jikin injin, ƙotar a kunnena, na saurara. Lafiya lau.

Papa Selestin ya ƙame ya sara wa ƙofar gareji. Sannan ya juyo ya sara mini.

Litinin, 18 ga Disamba

Ba buɗe gareji na yi ba. Shara na je yi, wani ɗan unguwar Yakite ya turo babur wai yana cin mai, kuma ba a korar mutum daga ƙofar Sajan Audi. Na ce ya dawo da la'asar.

A hanya na tsaya kasuwa na sayi farin yadi ɗaya. Inna ta gani, sai ta ɗauko allura ta kalmashe bakinsa.