Hannun Wanzami

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
'Yan bindiga sun tare hanyar Kamarawa da hantsi, babura tara. Maigidana Jibrilla na dawowa daga aski da zabirarsa. Ɗaya ya kai masa sara a wuya, ya tare da hannun dama, adda ta shiga tafin ta gefen ƙaramin yatsa. Mutum huɗu aka binne. Allah ya isa. Allah ya isa!

Laraba, 3 ga Yuli
Yayyensa sun kira maɗori, ya ɗaure da karare tamau. Na ce ba karaya ba ce, aka ce mace me ta sani.

Asabar, 3 ga Agusta
An kwance ɗorin. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙanƙame kamar ƙafar kaza. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa, rami ne yanzu.

Alhamis, 15 ga Agusta
Asibitin garin Isa. Nas Rukayya ta sa takarda tsakanin yatsunsa, ta ce ya matse. Ta zare ba wuya. "Malam, ba ƙashi na ba. Akwai 'yan tsokoki cikin tahin hannu, su ka buɗa yatsu su haɗa, su ka riƙe aska daidai. Jijiyar da ka tashe su anka yanke. Da kun zo ran nan, da mun tura ku Sakkwato." Na ji kamar in shaƙe yayyen nan biyu.

Na rantse mata zai sake aski. Kullum ina ba shi curin laka yana matsawa.

Lahadi, 8 ga Satumba
Jibi sunan jaririyar Atiku maƙwabcinmu. Tun kakanni gidanmu ke yi musu askin suna. In wani wanzami ya shiga gidan, sauran gidaje za su bi.

Ya gwada a kan ƙwarya. Askar ta zame sau uku, ta huɗu ta huda. Ya jefe ni da ƙwaryar, ta fasa mini leɓe. Bai taɓa yi mini haka ba.

"Za ni iyawa, Ikilima."

Kan jariri ya fi ƙwarya taushi. Tsoro nake ji.

Talata, 10 ga Satumba
Ya sa farar riga ya tafi, ya tarar Ubaidullahi wanzamin Bafarawa ya gama askin. Ya dawo yana tsine wa Atiku, wai ya ci amanar kakanni. Na tsaya ina taya shi.

Bai tambayi inda na je jiya da la'asar ba.