Tsohon Tafinta da Famfunan da Suka Ƙone

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan taki, kuma don Allah ki daina hawa bene da kaya a hannu. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma faɗan da ta saba, kin san shi ne alamar ta samu lafiya. Auta ta fara famfara, tana yawo da giɓi tana yi wa kowa murmushi.

Na san Inna ta tsegunta miki cewa an dakatar da ni daga aiki, kuma na san yadda take ba da labari, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina. Kin dai san muna haɗa ƙananan allunan lantarki da ke kunna injin famfo su kashe shi. Umarnin da allon ke bi da rubutu ake rubuta shi a kwamfuta, amma allon ba ya jin wannan rubutu sai wata manhaja ta juya masa shi zuwa yarensa. Ita muke kira tafinta. Tana da 'yan rakiya, mai haɗa guntayen fassarar da mai loda su cikin allo, kuma kowanne sai an girka shi a inda ɗan'uwansa zai gan shi. Shekara goma sha ɗaya ni ke girka su, kuma duk abin da na taɓa sai na rubuta shi da kwanan wata. Littafi shida na cika.

A farkon shekara Oga ya kawo mana wani da muke kira Mai Digiri, don ba ya minti biyar bai ambaci digirinsa ba. Ranar da ya ga littattafaina sai ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya tambayi masu walda ko nan ɗin wurin aiki ne ko gidan tarihi. Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Sai ya ce tafintana ya tsufa, zai goge ya sa sabo. Na ce masa a fara gwadawa a kan famfo ɗaya tukuna. Ya ce da ni Baba, wai in je in huta. Ni da ban ba shi shekara goma ba! Ya goge, ya girka nasa, aka loda alluna goma sha biyu, aka kai wa masu su. Cikin mako biyu inji bakwai suka ƙone, har da na wata makarantar kwana, inda yara suka yi kwana uku suna jido da bokiti. Da Oga ya tara mu, Mai Digiri ya rantse cewa kayansa sababbi ne fil, ɓarnar daga tsohon aikina ta fito. Oga bai ko dube ni ba, ya ce in je gida sai an neme ni.

Yaya, kin san halin ƙanenki. Kwana huɗu na yi ina gaskata shi. Ina cewa a raina wa ya sani, mutum ya yi karatun da ban yi ba. Maman yara ce ta gaji da ganina a zaune, ta jawo tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin gado, ta dire ta a gabana, ta ce ko in buɗe ko ta ba mai gwangwan. Na share mata ƙura, na buɗe littafi na farko, na bi mataki-mataki. Na girka tsohon tafinta a gefe guda, sabon a wani gefen, na nuna wa kowanne inda 'yan rakiyarsa suke. Sau uku yana ƙi, saboda wani ɗan layi da na tsallake a shafi na tara. A rana ta bakwai na ba su rubutu ɗaya su fassara, na jera sakamakon. Akwai wurin da aka ce wa allon ya yi ta ƙirge kafin ya sake tada inji, don injin ya huta. Tsohon yana barin ƙirgen yadda yake. Sabon kuwa, da wayonsa, ya ga ƙirge ne da ba ya haifar da komai, ya zubar da shi. Injin ya riƙa tashi yana mutuwa babu hutu har ya ƙone.

Da zan iya buga wa Oga waya in gaya masa a ranar. Ban buga ba. Na jira Litinin, ranar da kowa yake nan, na sa farar rigata, na ɗauki littattafaina duka shida. Na roƙi Oga abu ɗaya, a tara mutanen da aka tara ranar da aka dakatar da ni, kada a rage ko ɗaya. Na ce Mai Digiri ya zauna a kujera ya buga da hannunsa, ni ina karanto masa. A hankali na karanta, Yaya, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. In ya yi sauri sai in ce ya goge ya sake. Muka jona alluna biyu da fitila maimakon inji. Ta tsohon ta kama, ta huta, ta sake kamawa. Tasa ta riƙa ƙifce-ƙifce kamar idon maƙaryaci. Sannan na buɗe shafin ranar da na gargaɗe shi, na karanta har da inda ya ce mini Baba. Babban mai walda ya tambaye shi ko a digirin ba a koyar da gwaji, ko ranar ce bai je aji ba.

Oga ya ce in koma bakin aikina, ya kuma tambaye ni ko a sallami mutumin. Na ce a'a. Kada ki ɗauka tausayi ne. In ya tafi, gobe zai samu wani wurin ya manta da ni. Na ce a bar shi a ƙarƙashina, ya kwafe littattafan nan shida da biro, don wurin aiki ya samu nasa kwafin. Yanzu haka teburinsa na fuskantar nawa, kullum da safe ni ke miƙa masa littafin, in ya tashi in duba rubutun.

Saura abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Ƙirgen nan ni na rubuta shi, shekara tara da suka wuce, kuma ba haka ya kamata a yi shi ba. A littafi na uku, shafi na arba'in, na rubuta da hannuna cewa wannan dabarar gaggawa ce, a gyara in an samu sarari. Ban taɓa gyarawa ba sai shekaranjiya. Shi kuwa yana tsakiyar littafi na biyu, shafi shida yake yi a rana. Sau biyu na ɗauki reza, na ajiye, don ban taɓa yage shafi ba a rayuwata. To, bari ya iso shafin. Zai karanta, zai ɗago kai ya dube ni, ni kuma zan ce masa ya kwafa da kyau, kada ya tsallake ko wasali. In yana da bakin kai ƙarata wurin Oga bayan inji bakwai, bismillah, ina nan.

Ki gaida maigidanki da kyau, da Babban Yaya in ya leƙo, da Goggo, da 'yan biyunki. Inna ta ce ki turo hoton yaran, wanda suke tsaye, ba na kwance ba. Kada ki rubuto ki ce in yafe, ban kai nan ba tukuna. Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙanenki